MAKUNNIN SIRRI A WAYA DA KWAMFUTA: ABIN DA YAKE RUFEWA DA ABIN DA YAKE BARI A BUƊE

Kowace wayar hannu ta zamani da kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita tun daga sa'ad da aka kunna ta har a kashe. Ita ce ke karɓar abin da aka taɓa a kan allo, ita ce ke ajiye hotuna da wasiƙu, ita ce ke haɗa na'ura da intanet, kuma a kanta ne dukan ƙananan manhajoji suke zaune, irin su na banki da na hira da na wasanni. A yawancin wayoyin da ke hannun jama'ar ƙasar nan babbar manhajar ita ce Android ta kamfanin Google. Wayoyin iPhone suna aiki da iOS ta kamfanin Apple, kwamfutocin ofisoshi da makarantu kuwa galibinsu da Windows ta kamfanin Microsoft suke aiki. Dukan kamfanonin nan uku na Amurka ne.

A cikin kowace babbar manhaja akwai shafin saiti inda aka jera makunnai na tsare sirri. Ana gaya wa mai na'ura cewa idan ya kashe wannan, ba za a san inda yake ba, idan ya kashe wancan, ba za a bi sawunsa da talla ba. To, amma mutane da yawa, a nan gida da ƙasashen waje, ba su yarda da makunnan nan ba. Wasu suna cewa ado ne kawai aka yi wa allo, ko an kashe ko ba a kashe ba bayanai suna fita. An shirya wannan ƙasida domin a bayyana wa jama'a inda wannan zargi yake da tushe, da inda ya wuce gona da iri, da kuma abin da dokar Nijeriya ta tanada.

ABIN DA NA'URA TAKE AIKAWA

Babu gardama a kan cewa na'ura tana aika bayanai zuwa ga kamfanin da ya yi babbar manhajarta. Kamfanonin da kansu sun faɗi haka. Akwai bayanan lafiyar na'ura, watau samfurinta, da girman ma'ajiyarta, da manhajar da ta tsaya cik, da abin da ake yi sa'ad da ta tsaya. Akwai lambobin shaida, kamar lambar jikin waya wadda ake kira IMEI, da lambar katin SIM, da wata lamba ta musamman da ake ba masu talla domin su gane cewa mai wayar da ya nemi farashin takalmi jiya shi ne yake karanta labarin ƙwallo yau. Sa'an nan akwai bayanan wurin da mutum yake, da abin da ya nema, da manhajojin da ya fi buɗewa.

Wani sashe na wannan aiki yana da hujja. Windows tana aiki a kan kwamfutoci iri-iri waɗanda kamfanoni dabam-dabam suka ƙera, kuma idan wani gyara da aka aiko ya sa dubban na'urori suna mutuwa, ta hanyar rahoton nan ne ake ganewa da wuri. Amma wani sashen ciniki ne tsantsa. Mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake fitowa, kuma talla tana ƙara tsada gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa ita.

A shekarar 2021 Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin, a ƙasar Ayalan, ya auna abin da ke fita daga wayar iPhone da wayar Android ta Google. Ya samu cewa ko da an ajiye waya ba a taɓa ta, tana tuntuɓar kamfaninta kusan kowane minti huɗu da rabi, kuma lambobin shaida suna cikin abin da take aikawa, ko da mai ita ya ƙi yarda da aika rahoto. Ya kuma ce ta fuskar yawa, abin da Google ke karɓa ya ninka na Apple kamar sau 20. Google ya musanta wannan ƙiyasi, ya ce hanyar awon ba daidai ba ce, amma kamfanonin biyu ba su ce wayoyin ba sa aika kome ba.

INDA RASHIN YARDA YA SAMO ASALI

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Akwai abubuwan da suka faru a fili, waɗanda kotuna da hukumomi suka bincika, kuma su ne suka haifi wannan shakka.

Mafi shahara shi ne na watan Agusta 2018. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya buga bincike, wanda masana na Jami'ar Princeton suka tabbatar, a kan wani makunni na Google da a lokacin ake kira Location History, watau tarihin wuraren da mutum ya je. Bayanin da kamfanin ya rubuta yana cewa idan an kashe shi, ba a ƙara ajiye wuraren da mai waya ya je. Ashe ana ajiyewa. Da zarar mutum ya buɗe taswira, ko wayarsa ta ɗauko yanayin sama na ranar, ko ya nemi wani abu a intanet, sai a rubuta inda yake. Abin da ke riƙe da wannan aiki wani makunni ne dabam mai suna Web & App Activity, wanda sunansa bai ambaci wuri ba ko kaɗan, kuma a kunne yake zuwa tun daga farko. Watau mutum ya kulle ƙofar zaure ya kwanta, alhali akwai wata ƙofa ta baya da ba a nuna masa ba. Cikin 'yan kwanaki Google ya sake rubutun bayanin. A watan Nuwamba 2022 ya yarda zai biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 domin a kashe maganar, kuma a shekarar nan dai kotun tarayya ta Ostareliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 60 a kan ruɗin masu wayoyin Android game da makunnan nan biyu.

Kafin wannan, a watan Nuwamba 2017, jaridar Quartz ta gano cewa wayoyin Android suna aika wa Google lambobin turakun sadarwa da ke kusa da su, ko da an kashe makunnin wuri, ko da ma babu katin SIM a ciki. Kamfanin ya amsa, ya ce ba a ajiye bayanan ba, ya kuma daina.

Labarin Windows 10 ya ɗan bambanta. An fitar da ita a watan Yuli 2015, kuma tun daga nan masu kwamfutocin gida da na ƙananan ofisoshi suka lura cewa ana iya rage yawan rahoton da take aikawa, amma ba a iya tsayar da shi gaba ɗaya. Ikon tsayarwa sai a samfurin manyan kamfanoni da na makarantu. Har yanzu haka abin yake a Windows 11: akwai bayanan da aka kira na dole, akwai na ganin dama. A watan Yuli 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta gargaɗi Microsoft a kan tattara abin da ya wuce bukata da kuma kunna lambar talla ba tare da neman izini ba. Hukumar Holan ita ma ta samu kamfanin da saɓa dokar ƙasarta a shekarar 2017. Matsin nan ya yi amfani, domin a 2017 Microsoft ya buga jerin abubuwan da yake karɓa ya kuma rage su, a 2018 kuma ya ba da wata manhaja da mutum zai duba rahoton da idonsa. Sai dai wani abu da aka yi a 2016 ya daɗe a zukatan mutane. A lokacin ana matsa wa masu tsofaffin Windows su koma sabuwa, har aka kai ga cewa wanda ya danna alamar rufe sanarwar, alamar da kowa ya sani da ma'anar "a'a", sai na'ura ta ɗauka ya amince. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, da wuya ya sake gaskata wani maɓalli.

A watan Mayu 2024 kamfanin ya sake shiga irin wannan rigima, sa'ad da ya ba da sanarwar wani tsari mai suna Recall, wanda ke ɗaukar hoton allon kwamfuta a kai a kai domin mai ita ya iya komawa ga abin da ya gani a baya. Masana tsaro suka nuna cewa ma'ajiyar bayanan tana da sauƙin buɗewa ga ɓarawon da ya samu shiga na'urar. Aka ɗage fitar da shi, aka ƙara masa kulle, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa, sa'an nan ya fito a 2025.

Apple yakan yi tallar kayansa da alkawarin tsare sirri, kuma gaskiya ne cewa tun 2021 ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai iPhone. Duk da haka shi ma bai fita ba. A 2011 an gano wani fayil a cikin iPhone mai ɗauke da tarihin wuraren da wayar ta ratsa na watanni, kuma a farkon 2023 CNIL ta ba da sanarwar cin sa tarar Yuro miliyan 8 saboda amfani da lambobin shaida domin talla a kantinsa na manhajoji ba tare da izinin masu wayoyi ba.

Abin lura a cikin dukan labaran nan shi ne, ba mai waya ne ya gano da kansa ba. 'Yan jarida ne da malaman jami'a da hukumomi, masu kayan awo da lokaci. Bayanan da ke fita a kulle suke da rubutun sirri, wanda ke kare su daga ɓarayin hanya, amma kuma yake hana mai na'urar ganin abin da aka ce a kansa. Ko Android da ake cewa tushenta a buɗe yake ga kowa, sashen da ake kira Google Play Services, wanda yawancin bayanan ke bi ta cikinsa, a rufe yake.

MAKUNNI IRI BIYU NE

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa makunnan duka a yi musu kuɗin goro. Iri biyu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko su ne makunnan izini, waɗanda ke tsakanin mai waya da ƙananan manhajoji. Idan wata manhaja tana son ganin jerin lambobin waya, ko hotuna, ko saƙonni, ko ta yi amfani da kyamara da makirfo, dole ta bi ta hannun babbar manhaja, ita kuwa sai ta tambayi mai wayar. A nan babbar manhaja tamkar mai gadi ce a bakin ƙofa, kuma tana da dalilin yin gadin da gaske, domin idan baƙi suka yi ta sata, sunan kamfanin ne zai ɓaci. An yi ta ƙarfafa wannan ɓangare shekara da shekaru. Android 6 ta 2015 ta kawo neman izini a lokacin da ake bukatarsa, Android 10 ta 2019 ta kawo izinin wuri na lokacin da ake amfani da manhaja kaɗai, Android 11 ta kawo izini na sau ɗaya tak, Android 12 ta 2021 kuma ta kawo ɗigon kore da ke bayyana a saman allo duk sa'ad da kyamara ko makirfo ke aiki. Akan samu masu wayon zagaye shingen jefi-jefi, amma a bisa galibi manhajar da aka hana ta lambobi ba ta samun lambobi.

Jama'ar Nijeriya sun ga muhimmancin wannan a zahiri a kan manhajojin ba da rance. Mutum ya karɓi bashin 'yan dubbai, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, in ya makara wajen biya sai a aika wa surukansa da abokan aikinsa da malaman 'ya'yansa saƙon cewa shi ɓarawo ne. Ba sihiri aka yi ba wajen samun lambobin, izini ne ya bayar da hannunsa. A watan Agusta 2021 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki. A watan Maris 2022 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da rancen a Legas, kuma daga ranar 31 ga Mayu 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke kantinsa taɓa lambobi da hotunan masu waya. Saboda haka wanda ya ce duk makunnan banza ne, har ya daina duba abin da yake amincewa da shi, kansa ya cuta.

Iri na biyu su ne makunnan da ke tsakanin mai na'ura da kamfanin da ya yi babbar manhajar, kamar na rahoton lafiyar na'ura, da na tarihin ayyuka, da na talla. A nan mai gadin ne aka ce ya tsare gida daga kansa. Shi ya ƙera makunnin, shi ya raɗa masa suna, shi ya zaɓi ko a kunne zai zo ko a kashe, shi kuma ya san abin da ya rage yana fita bayan an kashe. Makunni irin wannan alkawari ne, kuma nauyinsa gwargwadon abin da zai samu kamfani in ya saɓa. Duk shari'o'in da aka ambata a sama game da Google da Microsoft da Apple a kan wannan iri aka yi su. Kashe su yana rage abin da ake tattarawa, wannan tabbas ne, kuma ya kamata a kashe wanda ba a bukata. Amma kada mai na'ura ya ɗauka cewa ta yi shiru ke nan.

Akwai kuma hannu na uku wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau kamfanin da ya ƙera jikin wayar, wanda ke zuba nasa manhajojin kafin a sa ta a kwali, wasu ma ba a iya goge su. A watan Agusta 2020 wani dandalin tsaro mai suna Secure-D ya ba da rahoton cewa dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, ciki har da Gana da Kamaru da Habasha, sun zo da muguwar manhaja mai cinye data da yi wa mutane rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara.

SHIN WAYA TANA SAURAREN HIRA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a: an yi hirar katifa a tsakar gida, da yamma sai ga tallar katifa. A 2018 masana na Jami'ar Northeastern a Amurka sun gwada manhajojin Android fiye da 17,000, ba su samu wadda ke ɗaukar murya a ɓoye tana aikawa ba, ko da yake sun samu wasu suna aika hoton abin da ke kan allo. Bayanin da ya fi kusa shi ne masu talla ba su bukatar kunne. Wanda ya san inda mutum ya kwana, da kasuwar da ya shiga, da abin da matarsa ta nema a intanet ɗin gida ɗaya, ya isa ya yi hasashen katifa. Inda aka tabbatar da sauraro shi ne wajen manhajojin da ake ba umarni da murya. A 2019 ta bayyana cewa ma'aikatan haya suna jin wasu muryoyin da Siri ta Apple ta ɗauka, har da waɗanda ta ɗauka bisa kuskure. Apple ya nemi gafara, ya mayar da tsarin sai da izini, kuma a 2025 ya yarda da biyan dala miliyan 95 ga masu ƙara ba tare da amsa laifi ba.

HALIN DA AKE CIKI A GIDA DA ABIN DA DOKA TA CE

A ƙasar nan akwai wata matsala ta daban. Sau da yawa ba mai waya ne ke saita ta ba. A kasuwannin waya irin su Computer Village a Ikeja ko Farm Centre a Kano, yaron shago ne ke buɗe kwali, ya buɗe wa mai saye asusun Google, ya bi shafukan yarjejeniya yana danna amincewa da sauri domin wani mai sayen yana jira. Sharuɗɗan da Turanci suke, masu tsawo, kuma shafukan da aka tsallake ɗin nan su ne inda ake zaɓen yawancin makunnan iri na biyu. Wani lokaci ma kalmar sirrin asusun tana wurin yaron shagon. Ga shi kuwa tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa a watan Disamba 2020, kuma harkar banki ta koma cikin waya, abin da ke cikinta ya ƙara nauyi. Wajibi ne duk wanda aka saita wa waya ya sake kalmar sirrinsa, ya shiga shafin saiti ya duba manhajar da ke da izinin lambobi da saƙonni da wuri, ya janye daga wadda aikinta bai bukaci haka ba. Fitilar tocila ba ta da hulɗa da lambobin dangi. Haka nan yana iya shiga asusunsa na Google ya tsayar da ajiye tarihin ayyuka ko ya sa a riƙa goge shi bayan wata 3, ya kuma goge lambar talla. Masu kwamfuta su sani cewa Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows ta jabu da ake zubawa a shaguna tana iya zuwa da abin da ya fi rahoton kamfani haɗari.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrinsu, da na gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu ta waya. A kan wannan tushe NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a watan Janairu 2019, sa'an nan a watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, NDPC, mai hedkwata a Abuja. Dokar ta shafi har kamfanin da ba a Nijeriya yake ba, matuƙar yana sarrafa bayanan mutanen da ke cikinta. Ta ce shiru ko rashin yin kome ba amincewa ba ne, kuma kamfani ne zai kawo hujjar cewa an amince masa. Ta ba mutum ikon ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara ko a goge, ya kuma janye amincewarsa cikin sauƙi kamar yadda ya ba da ita. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin sa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

An riga an gwada ƙarfin hukumomin ƙasar nan a kan wani babban kamfanin waje. A watan Yuli 2024, bayan binciken da ta yi tare da NDPC, hukumar FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun sauraren ƙararrakin gasa da masu sayayya ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu 2025.

Duk ɗan ƙasar da yake ganin an yi amfani da bayanansa ba bisa ƙa'ida ba, ya fara rubuta wa kamfanin ko mai manhajar, ya ajiye kwafin wasiƙarsa, da hoton allon da ke nuna yadda saitinsa yake, da ranar da abin ya faru. Idan bai samu amsa mai gamsarwa ba, sai ya kai kukansa a rubuce ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda doka ta ba ikon bincike, da ba da umarnin a daina, da sa a biya diyya ga wanda aka cuta.